Rasuwar Kwamfutar da ta Gane Hannun Nu'uman

Da zuciya cike da baƙin ciki har wuya, ni Hajiya Meimuna mai zoɓo ta nan Zongo, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar jikata Hanane, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar, ta bar ni da bashin sefa dubu tara a wuyan Nu'uman ɗan ƙanwata, mai zemijan, wato babur na haya. Kwamfutar ce shaidata.

Marigayiya ta shigo gidan nan da tsufanta, daga kasuwar Hejiranawe aka sayo ta. Ba ta da tsegumi, ba ta da kwaɗayi, in dai akwai kuran, wato wutar lantarki, ta ƙoshi. Hanane ta zura wata waya cikin firizata don karatunta na jami'a, waya tana auna sanyi, marigayiya tana zana shi, layi ya hau, layi ya sauka. Sai ta yayyanka layin kamar ana raba nama, kowane yanka ta ba shi harafi: sanyi ƙarara harafinsa daban, ɗumi-ɗumi nasa daban. Wuni guda ya koma 'yar kalma. Ka nuna mata kalma ɗaya, ta shiga watannin baya ta zaƙulo maka duk masu kama da ita, yadda nake gane zanen atamfa a kasuwar Asigame ko an sauya mata launi. Ni da ban taɓa zama a aji ba, a hannunta na koyi haruffa huɗu, kuma na fi ƙarfinsu.

In an ɗauke wuta, layin a hankali yake hawa, kamar ni a kan matakala. In Hanane ta buɗe firiza, tsalle ɗaya ya dawo. Amma akwai wata kalma doguwa, ta mai buɗe murfi ya zura hannu har ƙasa yana laluben gorar da ta fi sanyi. Marigayiya ta nemo 'yan'uwan kalmar, sai ga su jere, kowace a lokacin da nake kasuwa, Nu'uman kuma ya shigo wai ya huta daga rana. Ya rantse ɓera ne. Ɓeran da ke mayar da murfi.

Jinyarta gajera ce. Ta fara da nishi, fuuuu, fuuuu, jiki zafi rau, a ɗora ƙwai ya soyu. Na lulluɓe ta da sabon zanena kada iska ta ƙara mata, zazzaɓi ya hau. Sai na yi abin da kowace uwa za ta yi: na kwantar da ita cikin firizar da ta yi wa hidima, tsakanin zoɓo da lamurje. Da aka fito da ita tana gumi, na ce Alhamdulillahi zazzaɓi ya karye. Aka kunna. Ta ce ƙit, ƙit. Shi ke nan. Hanane ba ta yi mini magana ba tun ranar, baƙin ciki ne, na gane.

Nu'uman ne ya fara zuwa gaisuwa, haƙora talatin da biyu a waje, ban taɓa ganin mai ta'aziyya da fara'a haka ba. To ya saurara. Marigayiya ta bar caja mai ɗaure da leda, da jaka marar zif, da ɗan autanta, wani ɗan makullin ajiyar bayanai kamar ƙwayar gyaɗa da ke rataye a wuyan Hanane, wanda ya haddace duk abin da uwarsa ta sani, harafi da harafi.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mun bi. Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi zuwa shagon Rachid mai gyara a unguwar Be, wanda zai raba kayan cikinta ga mabukata. Nu'uman ne zai kai ta a kan babur, kyauta, kuma ba za a cire ko dala daga dubu tara ba. Zaman makoki a ƙofar gidana, kowa ya zo da kujerarsa. Za a raba zoɓo mai sanyi ga duk wanda ya halarta, ban da Nu'uman. Nasa ya riga ya sha, kuɗin nake jira.