Ranar da Na Kira Mahauta Bikin Akawu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar a Magariya, 'yan shekaru kafin Nasara su tattara su tafi. Har gobe in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin akwai wasu 'yan Dahome ma'aikatan gidan waya da kantunan gyaɗa da suka haɗa ƙungiyar kiɗa. Shugabansu Antuwan, mai busa ƙahon Turawa, ya ce kakanninsa daga Barazil suka dawo da wani kiɗa wai shi samba, shi kuma ya gauraya shi da jaz ɗin da yake ji a faifan garmaho. Wallahi in suka fara, ko gurgu sai ya motsa kafaɗa.

Ni kuwa makaɗin kalangu ne, na mahauta, gadon gidanmu daga garin Bande. Aikina in an yanka sa in buga, gari ya san akwai nama. Amma raina ya biya da farar kwat ɗin nan tasu, ga shi an ce za su je wasa Damagaram. Da na ji mai gangarsu ya kwanta zazzaɓi ana saura kwana uku bikin wani akawu, sai na wanke ƙafa na tafi.

"A ina ka taɓa kiɗa?" in ji Antuwan.

"Kano, maigida," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba. "Manyan otal-otal." (Ni da ko Ɓaɓura ban taɓa wucewa ba.)

Ya ce in na yi kyau a bikin, da ni za a je Damagaram. Ya fara yi mini bayanin wani abu wai idan ya nuna mutum, shi kaɗai zai yi ta kiɗa. Na katse shi: "Haba maigida, wannan ai mun saba a Kano." Ban ji ko rabin maganar ba.

Ranar biki aka ba ni aron kwat, hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu. Tsakar gidan ango ya cika da akawuna da malaman lakwal, wato makarantar boko, har da matar kumandan, Baturen da ke mulkin garin, a kujerar gaba. Muka fara, ina bin su a hankali da kalanguna, abin yana tafiya daidai. Har na fara ɗaga kai ina yi wa 'yan mata murmushi, ni a dole ɗan Kano.

Can sai mai jita ya yi nasa shi kaɗai, aka tafa. Antuwan ya busa nasa, aka tafa. Sai kawai ya juyo ya nuna ni da ƙahon, kowa ya ɗauke hannu. Tsit!

Jama'a, kaina ya zama fanko. Samba ta gudu, jaz ya gudu, ido ya fi ɗari a kaina. Ban san lokacin da hannuna ya kama abin da ya sani tun ina yaro ba, wato taken Sarkin Fawa. Na buga shi da ƙarfin tsoro, akawuna suna ta tafi don ba su san mene ne ba. Ni da na sani kuwa na kasa tsayawa.

Ba a jima ba na ji ihu daga bakin ƙofa. Sarkin Fawa ne da kansa, maigidana Ɗanjimma, da yaransa shida a baya, riguna duk jini, wuƙaƙe a sama, suna kirari suna tsalle. (Mahauci in ya ji takensa, ko sallah yake sai ya yi saurin sallamewa.) Bayansu ga mata da kwanuka suna leƙe, wata tsohuwa tana cewa, "Ina aka yanka? A ajiye mini tumbi!" Matar kumandan ta haye kan kujera tana salati da Faransanci.

Ɗanjimma ya nufo ni yana washe baki. "Makaɗina! Ɗan gidana! Ashe nan ka ɓuya kwana uku?" Ya yi mini kyautar da mahauci yake yi wa makaɗinsa: ya zaro hanji mai ɗumi, ya rataya mini a wuya, a kan farar kwat ɗin mutane.

Antuwan ya dube ni, ya dubi hanjin. Ya ce, "Kano, ko?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari Antuwan ya aiko kirana, na tafi ina tsammanin zagi. Sai ya ce kiɗan nan ya shiga ransa, irinsa yake nema ya saka cikin samba, da ma tun farko na gaya masa gaskiya. Amma ba zai tafi da wanda mahauta ke bi da wuƙa ba. Ya sa na zauna na koya wa mai gangarsu, wanda ya warke sarai. Kiɗana ya je Damagaram a mota, ni na koma rumfar nama a ƙafa.

Tun daga ranar, in zan yi ƙarya sai na fara shawara da hannuna, don shi ba ya rufa mini asiri.