Agwagwa a Hular Marigayi

"Ni ɗin nan da kuke gani," in ji Anatole yana murza gashin baki, "in na yi gyangyaɗin minti biyar, abin da nake gani ya ishi Faris fim goma!"

Aboki, ƙarya ce tsagwaronta. Lokacin fim bai fara magana ba, muna da teburinmu a wani gidan shan kofi a unguwar Montparnasse ta birnin Faris, dokarmu kuma ɗaya: daga mafarki ake ɗauko fim, duk abin da ke da ma'ana ba ma so. Yaran yanzu da ke sa kifi cikin agogo suna hura hanci, ai mu suke kwaikwayo. Kujera ɗaya ta rage a teburin, shugabanmu Gaspard ya ce sai wanda ya kawo mafarkinsa a fim. Anatole kuwa kujerar nan ta hana shi sakat.

Ga matsala: ma'aikacin gidan waya ne, kuma ko a barci hatimi yake buga wa wasiƙu. Ni kaɗai ya gaya wa, don ni ke juya masa hannun kyamara. Ya ci cuku mai wari ya kwanta, hatimi. Ya kwanta kai a ƙasa ƙafa a sama, hatimi, ga ciwon wuya. Ya ƙara da barasa, sai ya ga wasiƙun sun ninku.

Rannan ya shigo min a guje.

"Ɗauko kyamara! Ya sauko mini!"

"Me ya sauko?"

"Mutum ya fito daga tanda riƙe da lema, agwagwa a hularsa tana karanta jarida!"

Na ce, "Kai, Sarkin Hatimi? Anya?"

"Hassada za ta kashe ka," in ji shi.

Mun sha wuya wajen ɗaukar fim ɗin. Agwagwa ta cinye jarida uku, ta cije shi a hanci. Ran Asabar da la'asar aka haska fim, ɗaki ya cika. Dolon nan Anatole har ya gayyato Madam Eulalie, tsohuwar da ke gadin ƙofar gidan hayarsu, wai ta ga irin mutanen da take share wa matattakala.

Mutum na fitowa daga tanda, sai ihun Madam daga baya.

"Wayyo, Firmin! Mijina marigayi! Mafarkina ne wannan, mai burodi nake ba wa labari wannan ɓarawon yana ɗaura igiyar takalmi a bayana! Kuma a hannun hagu ya riƙe lemar, sakarai!"

Mai piyanon da ke raka fim ɗin da kiɗa ya tsaya cak. Anatole ya miƙe yana in-ina: "Madam, ai tunani kan zo ɗaya..."

Gaspard ya ce, "To, bayan tanda sai me?"

Kafin Anatole ya buɗe baki, Madam ta ce, "Sai limamin coci ya shigo yana tatsar keken ɗinki."

Ɗaki ya kaure da tafi. Ran Litinin Madam Eulalie na kan kujerar, tana saƙa, mu kuma muna rubuta duk abin da ta faɗa.

Wallahi na tausaya masa. Baƙin ciki ya kwantar da shi mako guda, zazzaɓin kuwa ya yi masa abin da cuku ya kasa. Ya faɗo gidan kofin da silifas, ido jawur.

"Na yi! Nawa na kaina! Na ga doki sanye da rigar amarya yana hawa matattakala, madara na zubowa daga kunnensa!"

Madam ko ɗaga kai ba ta yi daga saƙarta ba.

"Farin doki, mai ɗingishi?"

"E... ya aka yi kika sani?"

"Ɗana, mafarkina na ran Talata ne. Ina gaya wa likitanka a bakin ƙofa, kana kwance kana nishi."