Tafasar Kaka Sanatu

"Lafiya lau, amaryata marar haƙori. Ya ƙafar?"

Mutala ke nan, direba a tashar Tudu, yana gaida kakarsa Sanatu da ta dawo gida unguwar Nima daga jinya a Kumasi. Amana ɗaya ta bar masa: tafasar bayan ɗakinta, wadda ta ƙullo irinta a bakin zane daga Argungu tun zamanin Turawa, ana ce wa ƙasar nan Gwalkwas. Akuya ta cinye ta ƙurmus. Gogan naka ya tumɓuko wata tafasar daga bakin hanyar unguwar Kawukudi ya dasa, ya ja bakinsa ya yi gum.

"Ƙafa da sauƙi, malalacin miji. Mu je in ga dukiyata."

"Ga ta nan, har ta fi ki kyau. Fifita nake mata in rana ta yi zafi."

Ta murza ganye, ta kai hanci, ta yi tsai.

"Ɓarawo! Wannan ba tawa ba ce."

"Ei, Kaka! Ganye ɗaya, fure rawaya ɗaya. Hancinki ne ya tsufa."

"Hancin nan ya san tafasa tun ubanka na rarrafe. Tawa ƙanshin kwaɗo take, wannan warin hammatarka!"

Da ya ga ba mafita, ya faɗi gaskiyar akuya. Tsohuwa ta zauna a bakin turmi, ba zagi ba dariya.

"Ita kaɗai ta rage mini ta gida, Mutala."

Wallahi sai ta ba shi tausayi. Ƙaton mutum ya durƙusa cikin ƙasa, yana bin tsiro ɗaya-ɗaya yana murzawa yana shinshinawa. Can a gindin bango ya tarar da wata 'yar ƙarama da ta fito daga irin da ya zube.

"Kaka! Wannan dabam take!"

Ta shinshina, idonta ya kawo ruwa. Suka jera ganyen biyu a tafin hannunta, suka duba gaba suka duba baya, ido bai ga bambanci ba.

"Ikon Allah," in ji Mutala a hankali. "Kullum ina taka ta a hanya ina cewa duk tafasa ce. Wa ya san ko iri nawa ke ɓoye cikin sunan nan?"

"Kamar mu baƙi 'yan Zango," in ji tsohuwa, "kowa a ce masa Bahaushe."

"To amarya, kin yarda mijinki na da hanci?"

Ta yi dariya, ta miƙa masa goro.

"Ungo, na fasa neman saki. Amma ka kewaye mini ita da langa-langa kafin ka tauna."