Rabon Gadon Akwatin Malam Ila

Kwana tara da fitata takaba aka zo rabon gadon maigidana, Malam Ila mai gyaran rediyo na bakin tasha a Funtuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Abin da ya bari ba shi da yawa: gidan da muke ciki, da babur ɗin nan da sai an tura yake tashi, da kayan aikin shago, da tumaki uku. Duk waɗannan an gama da su kafin azahar, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Sai aka zo kan akwati.

Bari in gaya muku yadda akwatin nan yake, don wanda bai gan shi ba zai ɗauka na tufafi ne. Sunansa na boko sintesaiza, amma a gidanmu ba mai wahalar da harshensa, "akwatin Baba" kawai yara ke cewa. Girmansa ya kai ƙaramin kabad. Fuskarsa 'yan farantan ƙarfe ne a jere, layi-layi, kowanne an ɗaure shi a jikin katako, kowanne da ramukansa da abin murɗawa da 'yar fitila. Sai wayoyi, ja da kore da rawaya, daga wannan rami zuwa wancan, sun cukurkuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya. Wai kiɗa yake yi. Ba ganga, ba garaya, ba mawaƙi. Wani farantin shi ke haifar da ƙara, wani ya tace ta kamar rariya, wani ya daddatse ta, wani kuma aikinsa ƙirga taku kawai. Waya ce ke haɗa su. In ba waya, kowanne bebe ne.

Shekara goma sha ɗaya Malam yana gina shi. A wayar wani malamin kwaleji ya fara ganin irinsa, tun daga ranar kuwa duk rediyon da ta mutu murus har mai ita ya ce a yar, kayan cikinta a ɗakinmu suke ƙarewa. Farantai biyu ko uku ne ya aika aka sayo masa daga Legas. Sauran duk da hannunsa ya haɗa, har da wanda ya yanko fuskarsa daga murfin tukunyata, na yi wata guda ina zargin maƙwabta.

Ni karatuna a firamare ya tsaya, ban taɓa cewa na gane abin ba. Wata rana kamar kwaɗi bayan ruwan sama, wata rana kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. In leƙa in ce, "Malam, yau kuma wa ya yi maka laifi?" Ya yi dariya ya ce, "Kubura, kunnenki ne bai nuna ba tukuna."

Abin da ya fi ba ni haushi, akwatin ba ya riƙe komai a ka. Ba kaset ba ne da za ka mayar baya. Malam sai ya yi kwana uku yana soka waya nan, yana murɗa can, har abu ya fara daɗi, har in kama kaina ina tankaɗe ina gyaɗa kai. Daga nan sai ya sa hannu ya zare wayoyin kaf. In ce, "Haba Malam, wannan ai ya yi!" Ya ce, "Ya yi mana. Yanzu ko ni ba zan iya mayar da shi ba. Miya ce, in an shanye an shanye, gobe a ɗora wata."

Na ƙarshen ne bai zare ba. Ran Talata ya haɗa shi, ya ce saura kaɗan ya gama. Laraba zazzaɓi ya kwantar da shi, Juma'a aka kai shi makwanci. Wayoyin suna nan yadda ya bar su. Ko shara nake, nesa-nesa nake bi da tsintsiya. Duk la'asar, in akwai wuta, sai in danna jan maɓallin nan guda ɗaya da na sani, in zauna a kujerarsa. Gaskiya ba wani kiɗan kirki ba ne. Wani abu ne ke tafiya a hankali, tim, tim, ya yi kamar zai faɗi magana, sai ya fasa, ya koma farko. Haka Malam yake yi in zai roƙe ni wani abu. Iyakar abin da ya rage mini na muryarsa ke nan a gidan, kuma in aka zare waya ɗaya, ya tafi.

To, Malam yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Barau dillalin hatsi. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan komai lokacin rasuwa, ba zan ɓoye ba. Amma shekara goma sha ɗayan nan bai taɓa shiga ɗakin akwati ba. Iyakarsa tsakar gida, ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Ila, in ka gama da aljanunka ka fito mu gaisa." Ran rabon gado kuwa shi ya riga kowa shiga ɗakin, ga kan sukundireba yana leƙowa daga aljihun gaban rigarsa. Ashe a kasuwa wani ya nuna masa a waya cewa Turawa na sayen farantan nan ɗai-ɗai da tsada.

Mai rabon shi ne Malam Ukashatu na masallacin unguwarmu, tsoho mai magana a hankali, tabaransa ɗaure da zare. Ya zauna a tabarma. Ni ina bakin ƙofa da mayafina, 'ya'yana biyu, Iyami da Zuwaira, suna bayana.

Malam Ukashatu ya ce, "Kamar yadda muka yi da sauran kaya. Marigayi ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da ɗan'uwa shaƙiƙi. Rabo daga ashirin da huɗu ne. Mata tumuni, kashi uku. 'Ya'ya sha shida. Ragowar biyar na Alhaji Barau." Ya miƙe ya matsa gaban akwatin, ya ƙirga farantan da kan sandarsa, ya sake ƙirgawa. Ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah. Ashirin da huɗu cif. Marigayi kamar ya san da zuwana."

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, aiki ya zo da sauƙi." Ya zaro sukundirebarsa. "Ni na layin sama nake so, masu yawan fitilar nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Yaya, don girman Allah kar ka taɓa."

Ya ce, "A'a, Kubura, biyar ɗina kawai zan cira. Ku sha tara fa aka bar muku."

Na ce, "In ka cire ɗaya, duk ka cire."

"Yaya za a yi ɗaya ya zama duka? Allah gafarta Malam, ka ji lissafin mata."

Na ce, "To ɗauki kasona na tumaki, da na babur, ka bar mini akwatin yadda yake."

Nan Yaya ya gyara tsayuwa, ya dube ni irin kallon da yake wa manomin da ya yi saurin yarda da tayi. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ita ma ta san darajarsa. Tunkiya take so ta ba ni ta riƙe saniya."

Malam Ukashatu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kubura, me zai faru in an cire?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya, na wayoyi, da na miya, da na ran Talata. Da na zo wajen ran Talata, Zuwaira ce ta ƙarasa mini. Ta ce, "Allah gafarta Malam, Baba bai rubuta ko'ina ba. Kiɗan ba a cikin farantai yake ba, yana cikin yadda aka haɗa su ne."

Tsohon ya ce, "Ni ban taɓa raba abin da ban san amfaninsa ba. A kunna mu ji."

Allah ya taimake ni akwai wuta. Na danna jan maɓalli. Fitilu suka fara ƙyafta ido, abu ya fara, tim, tim. Ya hau, ya hau, ya yi wata 'yar ƙara siririya kamar sauro ya samu kunne, ya tsaya kamar zai yi magana, ya fasa, ya koma farko. Iyami ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Yaya kuwa fuskarsa kamar wanda ya tauna tsakuwa a tuwon baƙunta.

Da aka zagayo karo na huɗu ya ce, "Yaushe za a fara kiɗan?"

Na ce, "Ai shi ne wannan."

"To yaushe yake ƙarewa?"

"Sai an ɗauke wuta."

Ya ce, "Inna lillahi."

Malam Ukashatu ya yi mini alama na kashe. Ya koma tabarmarsa, ya gyara zama. Ya ce, "Alhaji Barau, in mutum ya mutu ya bar jaki ɗaya, magada huɗu, ƙafa-ƙafa ake rabawa?"

"A'a."

"In rijiya ce fa?"

"Malam, wannan ai ba rijiya ba ce, kusoshi ne huɗu-huɗu, yanzu zan kwance."

"Jakin ma wuƙa ɗaya ce, yanzu za ka yanka. Abin da rabo ke kashewa ba a raba jikinsa."

Yaya ya ce, "To a sayar gaba ɗaya, kowa ya ɗauki nasa."

"Madalla. Wa zai saya?"

"Turawa mana."

"Wane daga ciki? Yana nan Funtuwa?"

Yaya ya shafa aljihu. Ya ce, "Yana cikin waya."

Malam Ukashatu ya ce, "To ran da ya fito daga cikin wayar, ka kawo mini shi."

Na ce, "In ya zo a gaya masa na uku daga hagu murfin tukunyata ne, ba ya cikin gado."

Har Yaya sai da ya kusa dariya, ya danne. Ya ce, "To ni yanzu shi ke nan, haƙƙina ya bi ruwa?"

Tsohon nan ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye. A gabana ba a cin haƙƙin magaji. In ba a raba jikin abu ba, ana raba amfaninsa, kamar yadda 'yan'uwa ke karɓa-karɓa da jakin gado. Amfanin wannan akwati saurare ne. Yini da kwana awa nawa ne?"

Yaya ya ce, "Ashirin da huɗu."

"To ka ga Allah ya sake sauƙaƙa mana. Kubura awa uku. Yara awa sha shida. Kai awa biyar."

"Awa biyar na me?"

"Na saurare. Akwati ba zai motsa daga nan ba, kada waya ta zare. Ga kujerar marigayi, kullum ka zo ka karɓi naka."

"Kullum?"

"Har da ran kasuwa. In ka yi fashi, bashi ne a wuyan marayu, kuma ni ba zan bar su da nauyi ba. Kubura, kunna, a fara ba shi na yau."

Na danna. Tim, tim. Zuwaira ta kakkaɓe kujerar babanta ta tura masa, har da gyara matashi. Yaya ya zauna a bakin-bakinta, hula a gwiwa, sukundireba a hannu ya rasa inda zai sa ta. Abu ya hau, sauron nan ya zo, ya tsaya, ya fasa, ya koma farko. Malam Ukashatu ya ciro carbi yana ja, ido a rufe. Yaya ya dubi agogon hannunsa, ya kai shi kunne ya ji ko yana aiki. Ni dai na ƙirga, zagaye bakwai ya yi.

A na takwas ya miƙe zumbur, ya mayar da sukundireba aljihu, ya kafa hula. Ya ce, "Malam, ka shaida, kowa ya shaida. Akwati ya zauna yadda Ila ya bar shi. Kasona kuma na yafe duniya da lahira, na bar wa marayu."

Na ce, "Haba Yaya, ka ji tausayinsu mana. Yaran da ke fama da awa sha shida, su za ka ƙara wa biyar?"