Ranar da Na Ce Uwa Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a Tsafe, ranar da na nuna wa ɗaki guda na mata cewa boko ya ci min hankali. Lokacin watana uku da fara aiki a Gusau, ina ba masu fama da damuwa shawara. Mutanen ƙauye ba su wahalar da bakinsu ba, suka sa min suna "likitar magana", ni kuwa har kaina ke kumbura. Duk mako ana tura ni Tsafe in zauna da matan da rashin tsaro ya koro daga garuruwansu. Ina zuwa da littafi, da biro kala biyu, da kwalin takardar share hawaye (wadda ba wanda ya taɓa zara, kowacce da bakin mayafinta).

Cikinsu akwai Hajo, daga wani ƙauye bayan Kucheri. An kashe ɗanta a gona, saurayi. Tun daga nan barci ya ƙaurace mata, abinci sai an yi da gaske, ta rame ta lalace. Da ƙyar aka lallaɓo ta take zuwa, kuma na san in ta daina, babu wani wurin da za ta sauke abin da ke cin ta.

Zama uku muka yi. In na tambaye ta sai ta ce, "Lahiya lau, Malama." In zancen ɗan ya taso sai ta ce "wancan yaron". Ba ta kallon idona, ba ta kuka. Na buɗe littafi na rubuta da jan biro: "Ta ƙi yarda ya mutu. Da alama ba su shaƙu ba." (Allah ya yafe min, har layi na ja a ƙasa.)

A jami'a an koya mana cewa in mai makoki ya furta sunan mamacinsa, zuciya kan fara karɓar gaskiya. Na ci wannan a jarrabawa, da maki mai kyau kuwa. Saboda haka a zama na huɗu na gyara murya, na yi irin tattausar fuskar da na daɗe ina gwadawa a madubi.

"Hajo, yau ki faɗa mana sunansa."

Ɗakin ya yi tsit. An kuma koya mana kada mu ji tsoron shiru, don haka na ɗauka aiki ne ke tafiya.

"Ki dube ni," na ce. "Ki ce, ɗana wane ya rasu. Ai ba laifi ba ne uwa ta so ɗanta."

Wata daga baya ta yi salati. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai wata tsohuwa, Baba Tumba, wadda kullum take gyangyaɗi a gefen ƙofa, ta miƙe zaune.

"Malama, ke ɗiyar wa ta?"

Na faɗi sunan babana da unguwarmu a Gusau, wallahi ina jiran yabo.

"Ashe ta gida ta. Ni na aza daga Turai anka kawo muna ke. Ɗan hwari na! Ina kinka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan hwarinta, cikin taro kuma? Ke ta nawa ta gidanku?"

Na ce, "Ta fari."

"To uwarki mi taka ce maki?"

Shekarata ashirin da bakwai a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ke."

Matan da na yi wata guda ina neman ko murmushinsu suka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajo dai ba ta yi dariya ba. Ta sa takalmanta ta fita.

Talatar da ta biyo ba ta zo ba, kuma wannan ya fi dariyar yi min ciwo. Na ji tsoron na kore ta ke nan. Bayan an tashi na roƙi Baba Tumba ta kwatanta min gidan da suke zaune, na bar littafin a mota. Na tarar da Hajo tana ɓarar gyaɗa a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙuri.

"Ba komi," ta ce. "Ƙuruciya ta."

Na zauna gefenta na sa hannu a gyaɗar, kowa na kallon faranti. Mun daɗe a haka kafin na ce, "Wancan yaron, me ya fi so a abinci?"

Hannunta ya tsaya.

"Hoce," ta ce, wato wainar garin dawa da ake gasawa. "In na gasa sai in zaɓe mai kyau in aika mashi gona, in ce a ce mashi ragowa ta." Ta juya fuska wajen bango. "Ranan ma na gasa. An maido min da kwanon a ruhe."

Ta yi kuka har kafaɗunta na rawa, ni ma na yi nawa, ban ce uffan ba. Daga baya ta ba ni labarinsa har aka kira la'asar: tsayinsa, gardamarsa, yadda yake tari a zaure don ta san ya dawo. Wannan ce matar da na rubuta wai ba su shaƙu ba.

Ta dawo zamanmu, a hankali ta fara cin abinci. Har yau ban san sunan yaron ba, gurbinsa a takardarta babu komai, kuma wanda ya matsu ya sani sai ya je ya tambaya da kansa. Shekara huɗu na yi a jami'a ana koya min yadda ake sa mutum ya buɗe baki. Yadda zan rufe nawa kuwa, sai da na ɓare kwano guda na gyaɗa.