Farin Leshin Hajiya Uwani da Kujerun Shuni

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Hajiya Uwani gidan biki a 'yar motar Yaya Sani ba.

Yaya Sani yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya shigo da wasu ƙananan motoci masu aiki da lantarki, ya jera su a wani fili wajen Ƙofar Kabuga yana jiran masu saye. Mutane kam suna zuwa, amma kallo ne yake kawo su. Wani ya zagaya ya ce, "Wannan ai adaidaita ce aka sa wa ƙofa." Wani ya leƙa ya ce, "In na saka babbar riga, ni zan shiga ko rigar?" Su yi dariya su tafi. Yaya har ya fara ramewa, don duk abin da ya mallaka a motocin nan ya zuba.

Ni kuwa sana'ata kwalliyar ɗaki: labule, jeren amare, rigunan kujeru. Da na leƙa cikin motar sai na ga komai roba ne toka-toka, sai ka ce ɗakin jiran likita. Na ce, "Yaya, ba ƙanƙantarta ce matsalar ba. Babu abin da yake kiran mutum ya shigo ya zauna. Kuma maza kake ta yi wa talla, alhali motar mata ce. Ba ni guda ɗaya ka ga aiki."

Ya dube ni ya ce, "Ke dai kada ki mai da min ita ɗakin amarya."

Na tafi Ƙofar Mata na zaɓo yadin rini mai zanen tauraro, irin wanda ya sha bugu har yana ɗaukar ido. Na ɗinka wa kujeru riguna, na naɗe sitiyari da jar fata, na yi aljihun ajiye mayafi da jaka a bayan kujera, na rataya ɗan turaren wuta. Wankin yadin ne dai na ƙi yi, don kada ƙyallin ya tafi. (Ni da aka haifa a Dala, na girma ina ganin hannun marina. Kada ku tambaye ni inda hankalina ya je.) Da Yaya ya gani sai ya ce, "Kai! Wannan ko ni sai in saya."

Saura wadda za ta fara shiga a gani. Nan na tuna da Hajiya Uwani, ƙawar mahaifiyarmu, babbar 'yar kasuwar leshi da atamfa. Duk abin da ta saka ko ta hau, kafin wata ya ƙare ƙawayenta sun nemi irinsa. Na yi ta sintiri gidanta tana cewa ba ta da lokaci, ban fasa ba. Ranar da na ji tana ƙorafin cewa za ta yinin biki a cikin Dala, kuma motarta ba ta shiga lungun gidan, na ce, "Hajiya, ni zan kai ki har bakin zaure, ƙafarki ba za ta taɓa kwata ba."

Ta ce, "To 'yar nan, mu gani."

Ranar ta fito cikin farin leshi tas, wanda ta ce ko a shagonta ba ta fitar da irinsa ba tukuna. Ta shiga ta zauna, ta shafa kujerar ta ce, "A'a, ashe da fili a ciki. Kuma ba ta ƙara?" Na ce ko kaɗan. Na shiga zuba bayani: ba layin gidan mai, ba hayaƙi, a gida ake cajinta kamar waya.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ba a kawo wuta ba tun jiya, cajin bai cika ba. Da muka faɗa cunkoso na ga batir yana sauka, sai na lallaɓa na kashe esi, na sauke gilashi, na ce ina so ta ji yadda iska take ratsa motar. Lokacin zafi ne, rana tsaka. Hajiya ta ciro mafici, gumi yana bin wuyanta, ta ƙara jingina da kujera. Ni dai na ƙudurta ko turawa zan yi sai na kai ta.

Kuma na kai ta. Motar ta bi lungunan nan sumul, tana wuce manyan motocin da aka ajiye a bakin titi, har ƙofar gidan. Mata cike a wajen, wasu ƙawayenta riƙe da takalma a hannu saboda tafiyar da suka sha. Na fito da sauri na buɗe mata ƙofa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ku duba cikinta, Hajiyoyi! Rinin garinmu ne, na asali, ba ya..."

Ban ƙarasa ba Hajiya ta juya baya.

Tun daga kafaɗa har ƙasan zaninta shuɗi ne. Ba shuɗi kawai ba, taurarin nan nawa sun fito ɗaya bayan ɗaya a jikin leshin, kamar an buga hatimi. Sai wata tsohuwa, da zuciya ɗaya, ta ce, "Uwani, sabon yayi ne wannan? Gaba fari, baya rini?"

Dariyar da ta tashi har masu kiɗa sai da suka tsaya. Hajiya ta jawo gefen zaninta ta duba, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba (da ma ta yi, da ya fi min sauƙi). Cewa kawai ta yi, "Lallai na asali ne." Ta karɓi mayafin wata ta yafa, ta shige. Ni kuma ko guduwa ban iya yi ba, don batir ya ƙare. Haka na zauna a ƙofar gidan biki, kowace mace ta zo wucewa sai ta leƙa ta ga kujerun da suka rina Uwani. Sai da yamma Yaya ya zo aka ja motar zuwa gida.

Washegari na ciro rigunan nan na wanke su har ruwan ya daina canja launi. Na goga farin ƙyalle a jiki na ga bai kama ba, na caja motar a gidan maƙwabcinmu mai sola, na koma gidan Hajiya. Ta bar ni a tsaye a tsakar gida na ɗan lokaci kafin ta fito. Na durƙusa na ba ta haƙuri.

Ta ce, "Kin kunyata ni, 'yar nan. Amma tun jiya wayata ba ta huta ba. Rabi tsiya suke min, rabi tambaya suke ina ake sayar da motar da ta kai ni har bakin zaure. Ki ce wa Sani ya kawo min ɗaya."

Na ce, "Hajiya, wane launi zan yi miki a ciki?"

Ta ce, "Ko ledar da kamfani ya rufe kujerun da ita kada ki cire."

Tun daga ranar, duk abin da zan zaunar da mutum a kai, sai na fara saka fararen kaya na zauna a kansa da tsakar rana.