Nomau da Jirgin Auta

A garin Tsamiyar Dogo, can bakin rafi, akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Inna Yalwa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar da ita shekara da shekaru, ko zaure ba ta iya kaiwa. Akwai autanta Sabitu, mai ɗaukar hoto. Sai ɗan farinta Nomau, ƙato guda, gemu har ya fara furfura, amma magana ba ta da lungu a kansa. Yadda ka faɗe ta, haka zai ɗauke ta ya aza a ka ya tafi da ita. Mutanen gari wawa suke ce masa, shi kuwa ya amsa da fara'a.

Sabitu ne ya dawo daga birni da ɗan jirgi mara matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirji, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa ana kallon abin da yake gani a fuskar waya. Ba don biki kaɗai ya saye shi ba. Da yamma yakan tashe shi ya ɗauko rafi da gonaki da cin kasuwa, ya zo ya zauna gefen tabarmar Inna ya nuna mata. Da jirgin nan tsohuwa take ganin gari. Ya koya wa yayansa tuƙi, kuma abin mamaki, hannun Nomau ya fi kansa kaifi nesa ba kusa ba.

Wata rana Sabitu ya miƙa wa Nomau rimot ɗin tuƙin jirgin ya ce, "Yaya, muddin jirgi yana sama, kada ka ɗauke idonka daga kansa." Nomau ya ce to. Jirgi ya nufi gabas, Nomau ya bi shi, kai a sama, baki buɗe. Ya taka shanyar barkonon mutane, ya yi karo da jaki, bai duba ba. Sai ji kake tsundum, ya faɗa kududdufin da ake haƙar ƙasar gini! Da aka rugo, ga ƙato cikin ruwa har wuya, hannu biyu a sama riƙe da rimot. "Ku jawo ni ta baya," in ji shi, "ba ni da damar kallonku." Sabitu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya juya ya tofar da wani abu ja, ya yi maza ya tura masa ƙasa da ƙafa. Nomau bai gani ba, idonsa na sama.

Wata rana maƙwabcinsu Malam Haladu ya shigo zaure rai a ɓace, wai jirgi ya bi ta kan gidansa iyali na tsakar gida ba mayafi. Sabitu ya ba shi haƙuri, don gaskiyarsa ce. A garin nan ko magini zai hau soro sai ya ɗaga murya ya sanar, matan maƙwabta su kintsa. Sai Sabitu ya ce wa Nomau, "Daga yau jirgi ba ya ƙetare katangar kowa sai ka yi masa sallama an amsa." Ranar ɗaurin auren ɗan sarkin pawa Sabitu yana kwance ba lafiya, ya tura Nomau ya ɗauki taron. Nomau ya tashi jirgi tun daga ƙofar gida, ya bi layi yana kira, "Salamu alaikum, jirgi zai wuce!" A amsa, ya matsa gaba. Har ya iso wani kango da mai shi ya yi ƙaura tuntuni. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Jirgi na tsaye a sama yana ƙugi, shi yana tsaye a ƙasa yana yi wa ƙadangaru sallama, har caji ya ƙare jirgi ya sauko da kansa. Aka shafa fatiha aka watse ba hoto ko ɗaya. Ango har yau ba ya amsa gaisuwarsa.

Tarin nan dai bai saki Sabitu ba. Da ya ji jiki ya ƙi, ya kira yayansa ya ɗora masa jirgin a cinya. "Yaya, amana ce. Duk abin da Inna ta ce tana son gani, ka je ka ɗauko mata." Bai ƙara mako ba. Maza suka ɗauke shi, Inna kuwa, kamar kowace mace a garin, iyakarta tsakar gida. Ta ga an fita da makara, shi ke nan. A maƙabarta Nomau ya ji liman yana yi wa mutanen ciki sallama, ya ja masa hannun riga. "Malam, ai ba wanda ya amsa." Liman ya ce, "Suna amsawa, Nomau, mu ne ba ma ji." Ya adana wannan a ransa yadda yake adana komai.

Wata rana Inna ta ce rabonta da ganin shanu a mashaya har ta manta. Nomau ya saɓi jaka sai rafi. Sabitu ya taɓa gaya masa ba a ɗaukar hoto sai da izini, don haka ya nemi izinin makiyayin, wani Buba mai son barkwanci. Buba ya ce, "Ni za ka ɗauka? Tambayi masu hoton mana." Ai kuwa Nomau ya sauko da jirgi daidai hancin bijimi, ya ƙwala masa tambaya, "Ka yarda?" Bijimi ya ga abu yana ƙugi a gabansa, ya ɗaga wutsiya ya yanka a guje, garke ya mara masa baya. Suka tattake lambun albasa, suka kwantar da dannin gidan Malam Haladu har da na makewayi, jirgi na biye da su yana jiran amsa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai unguwa Tukur ya sa aka kawo Nomau, ya ce, "Don darajar mamaci na ƙyale ka yau. Amma in na ƙara ganin abin nan a kan gidan wani mai rai, da taɓarya zan sa a farfasa shi a gabanka."

Wata rana Inna ta ga Nomau zaune rungume da jirgi, don ya lissafa ya ga gidansu ma na masu rai ne, babu inda zai tashe shi. Tausayi ya kama ta. Ta ce, "Kai, je ka kwantar da shi ya huta, kada a raba mu da shi." Nomau ya kai shi gadon Sabitu, ya sa masa matashi, ya lulluɓe shi da bargo, ya ajiye masa ruwa a moɗa. Da hantsi Inna ta ja jiki zuwa ɗakin, za ta fitar da tufafin mamaci a ba da sadaka, sai ta ga tudu ƙarƙashin bargo. Allah sarki, uwa! Sai da ta ce "Auta?" kafin hankalinta ya dawo. Ranar ta yi kukan da kunyar mutane ta hana ta yi ranar rasuwa. Nomau na tsaye a bakin ƙofa yana raɗa, "Inna, a hankali, ke kika ce ya huta."

Wata rana, damina ta yi nisa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna na kallon indararo ta ce, "Auta na can ruwa na dukansa, ni ko inda aka kwantar da shi ban sani ba. Da zan gani ko sau ɗaya." Ita da zuciyarta take magana, Nomau kuwa aike ya ji. Ruwa na ɗaukewa ya sa jirgi a jaka, ya fita bayan gari da ƙafa, ya tsaya ƙofar maƙabarta. "Salamu alaikum, jirgi zai wuce." Ya saurara kaɗan, ya gyaɗa kai, ya tashe shi.

Masu dawowa daga gona suka hango, gari ya ɗauka: wawa yana wasa a kan kaburbura! Aka jawo shi gaban Mai unguwa, aka kawo taɓarya. Nomau ya durƙusa ya rufe jirgin da ƙirjinsa.

"Ranka ya daɗe, gidan mai rai ka ce. Na duba, can babu mai rai ko ɗaya."

"Da izinin wa ka shiga?"

"Na yi sallama sun amsa. Ga liman nan, a tambaye shi."

Liman ya sunkuyar da kai. Nomau ya miƙa wayar yana hawaye. "In za a fasa, a bari Inna ta gani tukuna. Auta ne ya ce."

Mai unguwa ya fizge wayar don ya ga ɓarnar da idonsa. Sai aka ga fuskarsa ta sauya. Ashe can bayan maƙabarta, inda ƙaya ta rufe babu mai bi, rafi ya ci ƙasa ya zama kwazazzabo, ya kwashe katanga, ya iso jerin kaburbura. Na bakin ramin na Sabitu ne. Kaɗan a bayansa ga na mahaifiyar Mai unguwa. Ruwa ɗaya irin na yau ya ishe su. Ya yi salati ya miƙe. "A yi shela, kowa ya fito da shebur da buhu!" Har ya kai ƙofa ya waiwayo ya ce, "Nomau, ɗauki kayanka. Rafi da daji naka ne, gidajen mutane dai a'a." Aka watse aka bar taɓarya yashe a ƙasa.

Nomau ya koma gida ya zauna gefen tabarma, daidai inda Sabitu yake zama. Ya ɗora yatsa a fuskar waya. "Ga shi nan, Inna, na gefe, mai fasasshen tulu wajen kai." Ta goge gilashin da bakin zanenta, ta matso da shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Salamu alaikum, Auta." Ta kasa kunne tana saurare.

Nomau ya dafa hannunta. "Ya amsa, Inna. Mu ne ba ma ji."